Tazza ta Italiya da tasar kakata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in fitar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga ganin gida bayan ƙaramar Sallah. Ni Bakatsine ne, amma yau shekara 14 ke nan ina neman abinci a Napoli, can kudancin Italiya, garin da yaranmu suka fi sani ta dalilin ƙwallo. Sana'ata gyaran tsofaffin kayan azurfa da tagulla: in wanke, in goge, in like abin da ya tsage, in tayar da abin da ya lotse. Shagon maigidana yana kusa da Borgo Orefici, tsohuwar unguwar maƙeran zinariya da azurfa, waɗanda a wajenmu za mu kira maƙeran fari.

A watana na biyu a shagon wata tsohuwa ta shigo da wani abu naɗe a tawul. Maigidana, dattijon da ya gaji sana'ar daga ubansa, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a teburin aiki, ya warware a hankali. Kwano ne na azurfa, faffaɗa, marar zurfi, kamar farantin da aka ɗan lotsa cikinsa, faɗinsa bai fi taƙi guda ba. Yana da dogon wuya siriri mai ɗan kumburi a tsakiya, daidai inda yatsu za su kama, wuyan kuma ya sauka a kan gindi mai faɗi kamar an kife ƙaramin murfi. Azurfar ta yi baƙi ƙirin saboda daɗewa. Maigida ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tazza." Haka ake rubuta ta, amma a bakinsu "tattsa" take fita. Wallahi Malam Edita sai da tsigar jikina ta tashi. Lokacin ban iya haɗa magana biyu da harshensu ba, kewar gida ta ishe ni, kwatsam sai ga kalmar ɗakin kakata a bakin Bature. Na ce masa mu ma a garinmu tasa muke cewa. Ya yi murmushi kawai, a zatonsa ƙoƙari nake in maimaita abin da ya faɗa.

Sai daga baya, da harshen ya zauna mini, na gane yadda suke amfani da kalmar. A bakin mutumin titi, tazza kofi ne kawai, na shayi ko na madara. Ɗan mitsitsin kofin da suke shan gahawarsu mai ɗaci a tsaye shi ne tazzina. Faffaɗan kaskon dutse da ke tare ruwa a maɓuɓɓugar da ake ƙawata dandali da ita, shi ma tazza ne. Shi kuwa wannan kwano mai wuya da gindi, matan gida sun fi kiransa alzata, wato abin da aka ɗaga, wasu su ce coppa, tulun zuba furanni kuma vaso. Dillalan kayan tarihi da gidajen adana kayan tarihi ne suka riƙe tazza a matsayin sunan wannan ƙira ta musamman, Ingilishi ma ya ari kalmar a ƙarni na 19 da wannan ma'ana. Idan suna da yawa sai a ce tazze.

Zargin da na yi ran farko ya tabbata. Ƙamus ɗin Italiyanci da kansa ya ce kalmar daga Larabci ta fito, daga ɗasa (da harafin ɗa mai hannu), Larabawa kuma daga Farisa suka samo ta, inda ake kiran faffaɗan kwanon wanke hannu tasht. Daga nan Faransawa suka sami tasse, mutanen Sifen taza, Jamusawa Tasse. Mu ma daga Larabcin muka sami tasa. Ashe kalma ɗaya ce ta rabu gida biyu. Wani reshe ya haye Bahar Rum, wani ya keto Sahara a bayan raƙumi. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa Musulmi sun mulki tsibirin Sisili tun daga shigarsu a 827 har zuwa 1091, kuma fataken Benis da Jenowa da Amalfi, wadda ke nan kusa da mu, sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki da Masar da Sham. Har gobe Ba'italiye na kiran sukari zucchero, auduga cotone, ɗakin ajiyar kaya magazzino, ofishin kwastan dogana, duk Larabci ne ya sa rigar Turai.

Wannan tazza ta tsohuwar ita ce ta farko da na wanke da hannuna. Maigida ya kife ta, ya murɗa gindin, sai ta rabu uku, kwano da wuya da gindi, wani dogon noti ne ya haɗa su. Ya nuna mini bayan kwanon da farcensa. Idan ka karkata shi wajen haske za ka ga sawun masaba dubbai, ƙanana kamar ɓawon kifi, domin daga faifan azurfa guda aka bugo shi, ana bugu ana mayarwa wuta don ya yi laushi, har ya ɗauki siffa. Zanen ganye da 'ya'yan itace da ke ciki kuwa ba yanka aka yi ba. Kifa kwanon ake yi a kan wani baƙin danƙo mai kama da kwalta, a turo zanen daga baya da ƙananan ƙarafa, sannan a juyo a gyara shi ta gaba. A bakin gindin akwai 'yan tambura guda biyu da sai da madubin ƙara girma ake karanta su, ɗaya na gari, ɗaya na maƙerin. Da su ake sanin wane ne ya ƙera, a ina, a wane zamani. Kwana uku na yi a kanta da auduga da garin alli mai laushi. Duk lokacin da na so in danna da ƙarfi sai maigida ya riƙe mini hannu ya ce baƙin da ke cikin lungun zane a bar shi, shi ne ke fito da zanen.

Wannan rabuwa uku da take yi ta taɓa jawo rikici babba. Akwai wasu tazze guda 12 na azurfa da ake kira na Aldobrandini, da sunan wani babban limamin coci na Rum da ya mallake su a farkon ƙarni na 17. An ƙera su a ƙarshen ƙarni na 16. A tsakiyar kowane kwano an tsayar da mutum-mutumin ɗaya daga cikin sarakunan Rum 12 na farko, aka zana labarai huɗu na rayuwarsa a cikin kwanon, labari 48 ke nan jimilla. Da suka faɗa hannun dillalai a ƙarni na 19 sai aka shafa musu ruwan zinariya, aka sauya wa wasu gindi, aka riƙa kwancewa ana mayarwa ba bisa ƙa'ida ba, har wani sarki ya koma tsaye a kan labarin wani. Suka watsu a ƙasashe daban-daban. A ƙarshen 2017 aka nuna su wuri guda a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, bayan masana sun zauna sun mayar da kowane sarki kwanonsa. Dubi wahalar da mutane suka sha a kan kwano 12.

Da na tambayi maigida me ake yi da irin waɗannan kwanuka a zamanin da, amsar da ya ba ni ta ƙara kai ni gida. Ya ce wasu an sha giya a cikinsu, wasu an zuba alewa da 'ya'yan itace a wajen walima, amma yawancinsu ba don ci ko sha aka yi su ba. Ran biki ko ran da babban baƙo zai zo, sai a kafa wani kanta mai hawa-hawa a jikin bango, credenza suke ce masa, a shimfiɗa farin ƙyalle, a jera kayan azurfar gidan tun daga ƙasa har sama, domin duk wanda ya shigo ya san gidan da ya shigo. Na ce masa wannan ai jere ne. Na kwatanta masa ɗakin amarya a ƙasar Hausa, yadda 'yan uwanta mata ke zuwa su wuni suna ɗora tasa kan tasa har kusa da rufi. Ranar ce ya fara yarda cewa ba kwaikwayonsa nake yi ba.

A nan Napoli akwai wadda ta fi kowace suna, Tazza Farnese, tana gidan tarihi na ƙasa. Na je na gan ta ya fi sau biyar, gani ya kori ji. Ƙarama ce, faɗinta kamar santimita 20, kuma ba ƙarfe ba ce. Daga dunƙulen dutse guda aka sassaƙo ta, dangin dutsen da ake yin tsakiya da shi, wanda Larabawa ke kira aƙiƙ. Dutsen hawa-hawa yake, wani ruwan ƙasa mai duhu, wani fari kamar madara, sai gwanin ya bi farin ya fitar da mutane, ya bar mai duhun ya zama bango. A ciki akwai wani dattijo mai gemu zaune riƙe da ƙaho, wanda masana da yawa ke cewa kogin Nilu yake wakilta, da wata mace kishingiɗe a kan dabbar nan ta Masar mai jikin zaki da kan mutum. A baya kuma fuskar wata dodanniya ce ta tatsuniyar Girkawa, gashinta a barbaje. Idan haske ya ratsa ta sai ka ga dutsen ya yi ja kamar zuma. A Afirka aka yi ta, a Masar, zamanin da zuriyar Girkawa ke mulki a Iskandariya, kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Shekararta ta haura 2,000. Ba ta da wuya ko gindi, amma akwai 'yar huda a tsakiyarta da ake jin wani ne ya yi daga baya don ya dasa mata ƙafa.

Yawon da ta yi ma abin ji ne. Akwai zanenta da wani mai zane na ƙasar Farisa ya yi a farkon ƙarni na 15, shaidar cewa ta taɓa zama a fadar sarakunan Musulmi na gabas. A 1471 ta shiga hannun Lorenzo na gidan Medici, mai mulkin Fulorans. Ka tuna a wannan shekarar Muhammadu Rumfa ne ke kan gadon Kano, sarkin da ake danganta kafa kasuwar Kurmi da zamaninsa. Daga baya ta koma gidan Farnese, inda ta samo sunanta, ta iso Napoli a ƙarni na 18 cikin gadon da Carlo, sarkin Napoli na lokacin, ya ci daga mahaifiyarsa. Hannu nawa ta ratsa, yaƙi nawa, gobara nawa, amma a kowane zamani an sami wanda ya ce wannan ba abin yarwa ba ne.

Akwai kuma manya da ba sa ɗaukuwa. A gidan tarihi na Batikan akwai wata ta jan dutse, shi ma daga hamadar Masar aka fasa shi, kewayen bakinta mita 13. Rashawa sun yi tasu da koren dutse daga duwatsun Altai, nauyinta tan 19, tsawon bakinta kusan mita 5, aka gama ta a 1843, dawakai fiye da 100 suka ja ta a kan hanyarta ta zuwa San Fitasbag, babban birninsu na lokacin. Waɗannan ban damu da su sosai ba, nuna isa ce ta sarakuna. Ƙananan da hannun mace ya goge shekara da shekaru su ne ke taɓa mini zuciya, kuma su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke ce wa Inna, tana da tasoshin tagulla da ban taɓa ƙirgawa ba, amma sun cika bango guda na ɗakinta. Idan Sallah ta gabato sai ta sa a sauko da su duka tsakar gida. Za ta jiƙa tsamiya tun dare, da safe ta tankaɗe toka mai laushi, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, mu jikoki muna miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa tsamiya, ta bi da toka, ta cuɗa da tafin hannu, a ɗauraye, a kife a rana a kan tabarma. Kafin azahar tsakar gidan ba ya dubuwa don ƙyalli. Kowace ta san asalinta. Wannan ta Bida ce, ga zanen Nufawa a bakinta. Wannan uwarta ce ta zo da ita gidan miji. Wannan wani kawunta ne ya kawo daga Makka lokacin da ake tafiya a ƙasa ta Sudan, ya yi shekaru a hanya. Idan tana so ta nuna mana ta ƙwarai sai ta ɗora ta a kan yatsu uku ta ƙyasta bakinta da farce, mu yi tsit muna sauraron ƙarar tana tafiya tana siririncewa har ta ɓace. Wadda ta tsage ba ta yin wannan kuka, ƙwas take yi ta tsaya. A cikinsu akwai guda mai gindi da ɗan wuya, ba ta shiga jere da sauran. Ita ce ta goro. Idan surukai ko manyan baƙi suka zo, a cikinta ake fito musu da shi, an rufa da danyen ganye. Da za ka ajiye ta kusa da wadda na wanke a shagon maigidana, ba mai musun cewa 'yan gida ɗaya ne.

Kuma irin wannan kaya ba jiya ya fara shigowa ƙasarmu ba. A Durɓi ta Kusheyi, can wajen Mani, inda aka binne sarakunan farko na ƙasar Katsina, an yi tono a 1907, aka sake yi a 1992. Cikin abin da aka samu tare da mamatan, ban da zinariya da hauren giwa da wuri, har da kwanon ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin ƙasa. Hanyar Agadas da Gat da Gadamas da ta kawo mana littattafai da takubba ita ta kawo shi, kuma ina kyautata zaton ita ta kawo sunan. Bayan na waje kuma namu maƙeran sun ƙware. Birnin Bida ya shiga jerin biranen fasaha na UNESCO a 2021 saboda sana'o'in hannu irin su ƙirar tagulla da gilashi. Da zamani ya juya, langa da samira da fanteka masu fenti suka ture tasa daga bango, tangaran ya ture su, yanzu kuma kuloli da kayan roba ne ke cika kabet. Ba na jayayya da wannan, kowace amarya da zamaninta. Tambayata ita ce ina waɗanda aka sauke suka tafi.

Na sami amsa a wannan zuwan. Inna ta rasu shekaru da dama, Allah ya jiƙanta da rahama. Rabon mahaifiyata na tasoshin yana cikin buhuna biyu a ɗakin shirgi, na san da su, kullum ina cewa in na zo zan duba. Da na tambaya sai aka yi shiru, can aka ce ai an sayar wa 'yan gwangwan bara, lokacin da rashin lafiya ta shigo gidan. Kuɗin da aka ba su bai kai na rabin buhun shinkafa ba. Ban yi wa kowa faɗa ba, kuma ba zan yi ba, wanda ke da majiyyaci a kwance ba ya tsayawa tambayar tarihin kwano. Amma na shiga ɗaki na zauna ni kaɗai, hawaye suka zubo mini.

Kwana biyu bayan haka na ga yadda abin ke faruwa da idona, a ƙofar gidan maƙwabta. Yaro ne matashi da kurarsa, ga sikeli mai ƙugiya rataye a wuyansa. Aka fito masa da tasoshi huɗu da buta guda. Ya zaro maganaɗisu daga aljihu ya manna wa kowace, bai kama ba, ya tabbatar tagulla ce. Ya zuba su a buhu ya rataya a sikeli, ya faɗi kilo, ya faɗi kuɗi. Sannan ya juye su ƙasa ya ɗauko guduma don ya lallatse su su shige buhu da kyau. Ta farko da ya ɗora wa guduma tana da zane tun daga baki har gindi, irin wanda na san mutum zai yi mako yana bugawa. Bugu uku ta zama faifai. Na tsayar da shi na sayi sauran ukun da butar a kan ninkin abin da ya biya, ya karɓa yana mamaki. Yaron ba shi da laifi, abincinsa yake nema, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa aikin da ke jikin ƙarfen ya fi ƙarfen daraja. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Amma kura nawa ke yawo a Katsina da Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram kowace safiya? Abin da aka narkar ya tafi ke nan, maƙerin da ya yi shi ya daɗe a kabari, 'ya'yansa da yawa sun bar sana'ar.

Na san za a ce ai Musulunci ya hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa. Gaskiya ne, hadisi ne ingantacce, ni ma a shagon nan gyarawa nake yi, ban taɓa kai ɗaya bakina ba. To amma tasoshin iyayenmu na tagulla ne, kuma babu surar mutum ko dabba a jikin galibinsu, zanen ganye ne da dagi da layuka. Wani kuma zai ce kayan da ba a amfani da su mene ne amfanin ajiye su. Tsohuwar da ta kawo mana tazza ba attajira ba ce, takalminta ma ya sha jiki. Da ta zo karɓa ta ga yadda ta fito, sai ta rungume ta a ƙirji ta ce ta kakarta ce, jikarta za ta ba ranar aure. Ba ta ci a ciki, ba ta sha a ciki, amma ta biya kuɗin aikin kwana uku ba ta nemi ragi ba.

Kada kuma a fahimce ni da cewa a kwaso a sayar wa Turawa. A'a. Dokar Najeriya ma ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ba, kuma dillalin da zai zo ƙofar gida ba zai ba ka ko ushirin abin da zai samu ba. Ni a bar su a gida nake so.

Ga iyayenmu mata da duk wanda ke da ragowar irin wannan kaya, ga abin da sana'a ta koya mini. Kada a goge tasa da soson ƙarfe ko yashi mai kaushi, yana cinye zanen, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Ruwan batir da wasu ke zubawa don ta yi saurin haske yana ƙona ƙarfen. Hanyar Inna ita ce daidai, tsamiya ko lemon tsami da toka mai laushi, amma a ɗauraye sosai a busar nan take, don tsamin da ya kwana a jiki shi ke kawo koren tsatsa. Wadda ta riga ta yi koren nan kada a zuba abinci a ciki, yana cutarwa. Kada a jibge su a buhu a ɗakin da ke yoyo. Abin da ya fi duka, tunda namu maƙeran ba su buga tambari kamar na Italiya ba, tarihin kowace tasa yana bakin tsohuwar da ta mallake ta ne kaɗai. A zauna da ita tun tana da rai a tambaye ta, a rubuta a 'yar takarda a jefa ciki: ta wace ce, daga ina ta zo, a bikin wa aka fara jera ta.

Kai kuma Malam Edita, roƙona gare ka biyu ne. Ka tura wakilinka Bida da kasuwar Kurmi ya zauna da tsofaffin maƙera da masu sayar da tsofaffin kaya, ya rubuto mana sunayen kowace irin tasa da sunayen zanen da ke jikinta da bakinsu, kafin masu sanin su ƙare. Sannan ka buɗe ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su aiko da hoton tasar gidansu da labarinta. Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na Katsina su ma ina kira gare su da su sanar da jama'a cewa duk wanda larura ta kama zai sayar, ya fara kawo musu kafin ya kira mai kura, masu hali kuma su taimaka da abin saye.

Kafin in taso na je sallama da gwaggona, autar su mahaifiyata, a ƙauye. Muna cikin hira ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo abin da take ajiye zare da allura da maɓallai. Tasar goron Inna ce, mai gindin nan. Ta dushe, amma lafiyarta lau. Na juye kayan a kan tabarma na kife ta, sai na ga a inda wuya ya haɗu da kwano akwai wani tsohon gyara, ɗan faci da ƙusoshin jan ƙarfe uku, an yi shi da tsafta irin ta gwani. Na tambayi Gwaggo ko ta san wanda ya yi. Ta ce tun tana yarinya haka ta gan shi, Inna ta ce a hannun uwarta tasar ta faɗi a hanyar kai amarya, wani maƙeri ya gyara. Na ɗora ta a kan yatsu uku na ƙyasta bakinta, ta yi kukan nan dogo har Gwaggo ta ce in sake. Na rubuta abin da ta gaya mini a takarda na saka a ciki, na roƙe ta ko me ya taso ta kira ni tukuna, ta ce ta yi alkawari.

Wassalam. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Wani Bakatsine mazaunin Napoli, Italiya